Kujerar Tawa: Yadda Jibo Bakari Ya Shiga Majalisa a 1957

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Allakaye, da na ƙasar Buza, da Madawa, da Kaita, ga wani tarihi da ya shafe mu. Mutane da yawa a Adar sun ji sunan Jibo Bakari a bakin iyaye da kakanni. Amma ba kowa ya san ƙasar Tawa ce ta ba shi kujera a majalisar Nijar ba. An yi haka ran 31 ga watan Maris na 1957. Kafin shekara 2 ta cika, kujerar ta kuɓuce masa. Za mu duba yadda ya same ta, da yadda ya rasa ta. A cikin labarin akwai ƙuri'a iri biyu. Akwai wadda ɗan takara ya nema da guminsa. Akwai kuma wadda aka ara masa.

Lokacin da zaɓe ba na kowa ba ne

A farkon mulkin Nasara babu zancen zaɓe. Gwamna yana babban birni, kumandan yana bariki, sarki yana fada. Talaka na biyan lanho, yana kuma yin aikin dole. Ba a tambayarsa ra'ayi.

Bayan babban yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, abubuwa suka fara sakewa. Ran 11 ga Afrilu na 1946 majalisar Faransa ta hana aikin dole. Hufuwet Bwanyi, dipite na ƙasar Kwaddibuwa, shi ya kai maganar. A shekarar nan kuma aka kafa wata ƙaramar majalisa a Yamai, mai kujera 30. Kujera 10 na Faransawa ne, 20 na ƴan ƙasa. Ku duba wannan rabo. Faransawan ƴan kaɗan ne, ƴan ƙasa kuwa sun kai wajen miliyan 2.

Ko cikin ƴan ƙasar ma, ba kowa ke jefa ƙuri'a ba. Sarakuna na jefawa, da tsofaffin soja, da ma'aikatan gwamnati, da ƴan kasuwa masu fatanti. A 1947 aka ƙara da wanda ya iya karatun Faransanci ko na Larabci. A 1951 aka ƙara da magidanta masu biyan lanho, da matan da suka haifi ƴaƴa 2. Sauran jama'a sai kallo.

Mene ne aikin wannan majalisa? Ita ke duba kuɗin ƙasa. Ita ke yarda da yawan lanho. A nan ake maganar hanya, da rijiya, da lakwal, da likita. Ke nan kujerar majalisa ta shafi aljihun kowane magidanci.

A 1952 aka mai da kujerun 50, Faransawa 15, ƴan ƙasa 35. Wata jam'iyya mai suna UNIS ta kwashe 34 daga cikin 35 ɗin nan. An kafa ta a Maraɗi a 1948. Sarakuna ne ƙarfinta, gwamna kuma na bayanta. A wannan zamani, wanda ba shi da sarki ba shi da kumandan, da wuya ya shiga majalisa.

Wane ne Jibo Bakari?

An haife shi a 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Bazabarme ne. Tun yana yaro aka kawo shi Tawa, a nan ya shiga lakwal. A nan kuma bakinsa ya kama Hausa sosai. Ku riƙe wannan, don zai yi masa rana daga baya.

Ya yi karatu har babbar makarantar malamai ta William Ponty, a ƙasar Senegal. Ya dawo ya zama mushe. Ya koyar a Birnin Ƙwanni da Agadas.

A watan Mayu na 1946 aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai. Daga baya ta shiga cikin RDA, babbar ƙungiyar da aka kafa a Bamako don ƙasashen Afirka da Faransa ke mulki. Jori Hamani, ɗan'uwan Jibo, shi ma ɗan Sudure, ya zama dipite na Nijar a birnin Paris tun Nuwamba na 1946. Jibo kuwa ya zama sakataren jam'iyya.

A can Paris, ƴan RDA sun haɗa kai da jam'iyyar Kwaminis ta Faransa. Gwamnatin Faransa ba ta son haka, ta matsa musu ƙwarai. A watan Oktoba na 1950 Hufuwet ya yanke wannan hulɗa, don a samu shiri da hukuma. Jori ya bi shi. Jibo ya ƙi. Nan hanyarsu ta rabu. Jibo ya fita daga PPN. Ba shi da kujera, ba shi da sarki, hukuma kuma ta sa masa ido.

Neman jama'a tun kafin zaɓe

Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Jibo bai jira lokacin zaɓe ba. Ya kama aikin garka a kusa da Yamai, ya kuma shiga haɗa kan lebura da ƙananan ma'aikata cikin ƙungiyar ƙwadago.

A watan Disamba na 1952 Faransa ta fito da dokar aiki don ƙasashen da take mulki. Dokar ta yi maganar awoyin aiki, da hutu, da albashi. Amma rubuta doka daban, aiki da ita daban. A 1953 ma'aikata suka yi yajin aiki don a cika musu abin da aka rubuta. Jibo na cikin jagororinsu a Nijar. Daga nan lebura suka san shi, suka yarda da shi.

A 1954 ya kafa tasa jam'iyya, UDN. Su wa suka shige ta? Direbobi da yaran mota. Teloli, da magina, da masassaƙa, da mahauta. Ƴan koli da fataken goro. Ƙananan ma'aikatan gidan waya. Malaman allo. Matan kasuwa. Waɗannan mutane ba su da sarauta, amma suna da ƙafa, suna da baki.

A lokacin babu rediyon ƙasa, don Rediyon Nijar bai fara magana ba sai a 1958. Masu karatun jarida kuma ƙalilan ne. To, yaya magana ke yawo? Direba ya ɗauko ta daga Yamai, ya sauke a tasha. Tela ya ji, ya faɗa wa mai jiran ɗinki. Ɗan koli ya kai ta kasuwar ƙauye. Ran kasuwa ta gaba, ta isa wani gari. Haka jam'iyyar ta yi jijiya a Damagaram, da Tasawa, da Maraɗi, da Tawa.

Kalmar da suka riƙa ɗagawa ita ce Sawaba, wato sauƙi bayan wahala. Ba a Nijar kaɗai ake jin ta ba. A Kano, tun ran 8 ga Agusta na 1950 aka kafa NEPU, jam'iyyar talakawa, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta daga baya. Su ma Sawaba ce kirarinsu. A Zariya ma akwai Hajiya Gambo Sawaba. Fatake da ƴan cin rani na ƙetare iyaka kullum, kalmar na tafiya tare da su.

Ga inda zaman Tawa ya yi wa Jibo amfani. In ya tsaya gaban taro a ƙasar Hausa, ba ya bukatar tafinta. Yana magana, manomi na ji kai tsaye. Ya kuma samu mataimaka ƴan ƙasar. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne Usman Ɗan Galadima, mutumin Madawa.

Ran 2 ga Janairu na 1956 aka yi zaɓen dipite na Paris. Kujera 2 ce ta Nijar. Jibo ya tsaya, ya faɗi. Jori Hamani da Jorji Konda suka ci. Amma ƙuri'un da Jibo ya tara sun kai dubbai masu yawa. Kowa ya gane ba a iya raina shi kuma.

Dokar da ta buɗe ƙofa

Ran 23 ga Yuni na 1956 Faransa ta yi wata sabuwar doka. Ministan da ya kawo ta sunansa Gaston Defer. Abu uku ta sake.

Na farko, duk wanda ya kai shekara 21, namiji ko mace, yana da ƙuri'a.

Na biyu, an daina raba Faransawa da ƴan ƙasa. Akwati ɗaya ne ga kowa.

Na uku, majalisa za ta zaɓi ministoci ƴan ƙasa, su riƙe ayyukan cikin gida.

Wannan babban abu ne. Ku tuna, matan Arewacin Nijeriya ba su shiga babban zaɓen ƙasarsu ba sai a 1979. Matan Adar sun riga su da fiye da shekara 20.

Amma dokar ta kawo wa Jibo sabon lissafi. Ƙarfinsa yana garuruwa, da tashoshi, da kasuwanni. Sabbin masu ƙuri'a kuwa, mafi yawansu na ƙauye da ruga. Ba su taɓa ganin akwatin zaɓe ba. A can, maganar sarki da ta mai gari ke da nauyi. Lokaci kuma ya ƙure. Ba zai iya taka kowane ƙauye ba.

Sai ya nemi gajeriyar hanya. Akwai wata jam'iyya, BNA, ta su Jorji Konda da Isufu Sa'idu Jarmakwai. Ta fito ne daga tsatson UNIS, sarakuna da yawa na tare da ita. A watan Nuwamba na 1956 Jibo ya ƙulla da su. Da taimakonsu ya zama magajin garin Yamai, na farko da aka zaɓa. Jam'iyyun biyu suka narke suka zama ɗaya, mai suna MSA. Jama'a dai Sawaba suke ce mata.

Ku lura da wannan haɗi. Jam'iyyar lebura ta shiga inuwa ɗaya da sarakuna. Lebura na neman a rage ikon fada. Sarakuna na neman a kare musu rawani. Abin da ya haɗa su shi ne kada PPN.

Ranar 31 ga Maris

Jibo bai tsaya a mahaifarsa ba. Ya tsaya a ƙasar Tawa, inda ya girma. Ba mutum ɗaya ake zaɓa ba a lokacin. Kowace jam'iyya na kawo jerin sunaye a kowane yanki. Kowane jeri da takardarsa. Mai zaɓe ya ɗauki wadda yake so, ya sa cikin ambulan, ya jefa cikin akwati.

Da yake yawancin mutane ba su yi karatu ba, alama suke bi. Alamar ƴan Sawaba raƙumi ce. Ta ƴan RDA giwa ce. Wanda ya san alama ya san jam'iyya, amma bai san sunayen da ke rubuce a takardar ba. Sai abin da aka faɗa masa.

Lokacin rani ne. Aikin gona ya ƙare, samari da yawa sun tafi cin rani kudu. Kwana 25 kafin zaɓen, ran 6 ga Maris, ƙasar Gana ta samu mulkin kai a hannun Ingila, ƙarƙashin Kwame Nkuruma. Labarin ya zagaya Afirka ta Yamma, ya ƙara wa ƴan siyasa zafi.

Da aka ƙirga, cikin kujera 60 Sawaba ta samu 41, PPN ta samu 19. Jibo ya shiga majalisa da sunan Tawa. Sai dai waɗanda suka fita zaɓen ba su kai rabin waɗanda aka rubuta ba. Da yawa sun zauna gida.

A watan Mayu na 1957 aka kafa gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. Gwamna Bafaranshe ne shugabanta, Jibo mataimakinsa. A watan Yuli na 1958 shugabancin ya koma hannun Jibo. Mushen lakwal, mai garka, ya zama shugaban gwamnatin Nijar.

Kayan aro ba ya rufe katara

Ba a daɗe ba ɓaraka ta fito. Magoya bayansa na asali suna jiran sauƙin da aka yi musu alkawari. Gwamnatinsa ta tuɓe waɗansu sarakuna. Sauran sarakunan suka tsorata. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ana cikin haka, a watan Yuni na 1958, Janar Digol ya hau mulki a Faransa. Ya kawo wa ƙasashen Afirka tambaya ɗaya. Wanda ya ce I, zai zauna cikin tarayya da Faransa. Wanda ya ce A'a, zai samu mulkin kai nan take, amma Faransa za ta janye hannunta da kuɗinta. Aka sa ranar 28 ga Satumba.

Jibo ya ce a jefa A'a, kamar yadda Seku Ture ya ce a Gini. Jori da PPN suka ce a jefa I. Hujjarsu ita ce, Nijar ba ta da kuɗi, ba ta da isassun masu ilimi, gara a bi a hankali. Hujjar Jibo ita ce, ƴanci ba a jinkirta shi.

Faransa ba ta so Nijar ta kuɓuce mata. Nijar na iyaka da Aljeriya, inda ake yaƙi da Faransa tun 1954. Aka turo sabon gwamna, Kolombani. Aka ƙaro sojoji. Hukuma ta fito fili tana goyon bayan I, aka kuma matsa wa ƴan Sawaba. Sarakuna suka juya. Manyan BNA, cikinsu har da Isufu Sa'idu Jarmakwai, suka bar Jibo.

Da aka ƙirga, wajen kashi 78 cikin 100 sun ce I, wajen 22 sun ce A'a. A duk ƙasashen Afirka da aka yi wa tambayar, Gini kaɗai ta ce A'a. Direbobi, da teloli, da lebura da yawa sun tsaya tare da Jibo. Ƙuri'un da sarakuna suka kawo masa a 1957 kuwa, sun bi masu su.

A watan Oktoba Jibo ya sauka. Aka rushe majalisa. Ran 14 ga Disamba aka sake zaɓe, Sawaba ta sha kaye. Ƴan kujerun da ta samu ma, daga baya aka soke su. Jibo bai koma kan kujerarsa ba. Ran 18 ga Disamba aka kafa Jamhuriyar Nijar, Jori Hamani ya zama shugaban gwamnati. A watan Oktoba na 1959 aka hana jam'iyyar Sawaba. Nijar ta samu mulkin kai ran 3 ga Agusta na 1960.

Abin da ya biyo baya

Jibo ya yi gudun hijira. Ya zauna a Mali, da Gana, da Gini. A 1964 waɗansu ƴan Sawaba suka shigo ƙasa da makamai. Ba su yi nasara ba. An rasa rayuka, an ɗaure mutane da yawa, gidaje sun watse. Wannan baƙin tarihi ne ga ƙasa duka.

Bayan da Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Jori ran 15 ga Afrilu na 1974, Jibo ya dawo gida. A 1975 aka kama shi, ya yi shekaru a tsare. A 1993 ya tsaya takarar shugaban ƙasa, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ya rasu a Yamai ran 16 ga Afrilu na 1998. Allah ya jiƙan su duka, da shi da Jori.

Ku yi wannan lissafi. Daga Disamba na 1958, ba a sake yin babban zaɓen majalisa tsakanin jam'iyyu da yawa ba sai ran 14 ga Fabrairu na 1993. Shekara 34 ke nan. Yaron da aka haifa a shekarar I da A'a, sai da ya zama magidanci kafin a ba shi zaɓi tsakanin takarda biyu.

Abin da za mu riƙe

Ga mai neman kujera karo na farko, ko ta majalisa ko ta kansila. Jibo ya fara ba kuɗi, ba sarauta. Ya yi shekaru yana shiga cikin mutane, yana kama musu a kan damuwarsu, yana magana da harshensu. Ya faɗi a 1956, bai fasa ba. Mutanen da ya samu ta wannan hanya, da yawansu sun tsaya masa har cikin wuya. Waɗanda ya samu ta hannun wani, rana ɗaya suka tafi. Mai neman kujera ya ƙirga mutanensa da kyau. Ya san nasa, ya san na aro.

Ga mai jefa ƙuri'a kuma. Girmama sarki da manya wajibi ne, shawararsu abin ji ce. Amma ƙuri'a amana ce a hannun mai ita. A 1957 an ba kakanninmu ita, maza da mata, fiye da rabi ba su fita ba. Cikin waɗanda suka fita, da yawa sun jefa abin da aka nuna musu. Ba laifinsu ba ne, abin sabo ne gare su, takarda kuma ba ta yi musu magana. Mu da muka fara haɗa baƙi, muna iya karanta sunan da ke ƙarƙashin alama.

Duk ranar da aka kafa akwati a garinku, ku tambayi ɗan takara abu uku. Ina kake kafin lokacin zaɓe? Da wa ka ƙulla, kuma me ka yi musu alkawari? In ka hau, me za ka ce a kan lanho, da rijiya, da hanya, da lakwal? Ku saurari amsa da kunnenku. Sa'an nan ku shiga, ku zaɓa da hannunku.

Allah ya ba mu shugabanni na gari, ya ba mu damina mai albarka. Amin.